Gemun Mani

Hureira matar Malam Hambali ta sauka Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, da akwati biyu. Ɗaya kayan sawa ne, ɗayan kuwa rabinsa kuka da daddawa da yaji, rabinsa zare da allurai. Mijinta malami ne a wata kwaleji a Kano, aka turo shi ya yi digiri na uku a kan tace ruwan sha. Suka kama gida a saman wani tsohon bene a unguwar Sentul, inda jirgin ƙasa ke wucewa ta bayan taga, kofunan shayi su yi ta rawa a kan tire har ya wuce.

Ita 'yar Gwammaja ce a Kano. Surfani ta koya a hannun mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Umma, tun kafin ta iya tuƙa tuwo ba gudaji. Furanni take yi a rigar filo da zanin gado, da ganye mai nannaɗewa, a tsakiya kuma ta rubuta "Asuba ta gari" da jan zare. Amare da yawa a unguwarsu da aikin hannunta suka tare. Mace ce mai natsuwa, ba ta da hayaniya, ba ta tsoron allurar asibiti, ba ta tsoron jirgin sama. Abu ɗaya ne a duniya yake raba ta da hankalinta: kare.

Tana yarinya, a hanyar Islamiyya, wani kare da ke kwance a ƙarƙashin mota ya ɗaga kai ya kalle ta. Bai tashi ba, bai yi haushi ba, kallo kawai ya yi. Hureira ta watsar da jakarta ta faɗa gidan da ya fi kusa. Aka yi sa'a ana suna a gidan, masu jego suka ɗauka 'yar dangin miji ce, dangin miji suka ɗauka ta masu jego ce, aka zuba mata waina da miyar taushe. Ta zauna nan har magariba, ana can ana cigiyarta a masallaci. Tun daga ranar ko a talabijin ta ga kare sai ta ɗage ƙafafunta daga ƙasa.

A Sentul zaman ya yi mata tsawo. Malam ya fita da safe, 'yarsu Fatiha ta tafi makaranta, sai ita da ƙarar fanka. Ta ɗauko zoben katakon da take ɗame yadi a ciki, ta zauna bakin taga ta fara aiki. Kafin shekara ta zagayo babu abin da ya tsira a gidan. Labule ya yi fure, murfin firij ya yi fure, tsumman goge ƙafa ma ya yi fure. Jakar da Malam ke saka kwamfutarsa ta wayi gari da "Asuba ta gari" a gefenta, ya tafi da ita makaranta bai lura ba. Har yau 'yan uwansa ɗalibai Hausawa da ita suke gaishe shi da tsakar rana.

Da zaren da ta zo da shi ya ƙare, aka kwatanta mata wani ƙaramin shago a unguwar Brickfields, tsakanin mai sayar da furannin wuya da mai sayar da tukwane. Mai shagon wata dattijuwa ce Ba'indiya, Anti Vasantha, gajera mai ƙiba, tabarau a kan hanci, magana kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Hureira na zaɓen zare Anti ta kama bakin hijabinta ta ɗaga, ta ƙura wa 'yan furannin da ke gefen ido.

"Ke kika yi wannan? Da hannu?"

"Ni ce, Anti."

Turanci suke yi, Hureira da nata na sakandare, Anti da nata mai "lah" a ƙarshen kowace magana.

"To za ki yi min Mani ɗina? Fuskarsa kawai, a cikin zobe, in rataye in riƙa gani."

"Mani ɗanki ne?"

"Shi kaɗai ya rage min a gida lah. Manyan duk sun watse ƙasashe, sai a waya."

Tausayi ya kama Hureira. A Gwammaja ma akwai Mani guda biyu a layinsu, ta ce a ranta ashe sunan har Indiya ya kai. Ta tambayi shekarunsa.

"Tara. Amma gemunsa duk ya yi fari."

Yaro ɗan shekara tara da farin gemu. Ta yanke cewa wata lalura ce, kunya kuma ta hana ta tonawa. Ba ta taɓa ɗinka fuskar mutum ba, amma wa zai ce a'a ga uwar yaro marar lafiya? Ta faɗi kalmar Malay ɗaya da ta yarda da ita, wadda ke nufin "za a iya".

"Boleh."

Anti ta tafa hannu, ta cika mata leda da zare fari da ruwan toka da baƙi, ta ce gidanta ma a Sentul yake, ta zo ranar Lahadi ta gan shi ido da ido.

A gida ta ba Malam labari, suka yi wa yaron addu'a. Malam har ya ce ya taɓa karanta wani abu a kan irin wannan ciwon. Hureira ta soya cincin ta cika roba, don ba a zuwa duba yaro hannu biyu.

Gidan Anti yana cikin jerin tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, ƙasa-ƙasa, da ƙaramar ƙofar ƙarfe da rumfar mota. Anti ta tare su da fara'a, ta juya cikin gida ta ɗaga murya.

"Mani! Zo ka gai da baƙi!"

Aka ji ƙaras-ƙaras a kan siminti. Sai ga shi ya fito. Bai kai ɗan akuya girma ba. Ruwan toka ne, gira kamar tsintsiyar laushi, gemu fari har ƙirji, yana tafiya a hankali kamar wanda aka taso daga barci don a yi masa tambayar banza.

Hureira ba ta san yadda aka yi ba, ta dai tsinci kanta a tsugune a saman motar Anti, hijabi da komai, robar cincin a rungume a ƙirji. Malam kuwa yana waje, ya ja ƙofar ƙarfen ya rufe, ya bar matarsa a ciki. Daga baya ya ce ya yi haka ne don kada dabbar ta fita titi mota ta buge ta.

Mani ya zo gindin motar ya zauna. Ya ɗaga kai ya dube ta daga sama har ƙasa, ya yi atishawa.

"Abban Fatiha!" ta ce da Hausa. "Abban Fatiha, kare ne!"

"Na gani, Maman Fatiha. Ki natsu. Kada ki nuna masa kina tsoro."

"Kai da ke waje!"

Sai da Anti ta ɗauke shi ta kai ciki ta rufe, sannan aka sauko da Hureira da kujera. Anti ta yi dariya har ta cire tabarau tana goge ido, sannan ta ba su haƙuri, ta kawo shayi a rumfa. Nan ta ba su labarin mijinta, wanda ya yi aikin gyaran taragu har ya tsufa, shi ya kawo Mani gida yana ɗan jariri a cikin kwalin takalmi, ba a daɗe ba kuma mijin ya rasu. Ta ce likitan dabbobi ya gaya mata zuciyar karen ta fara gajiya. Ta ce ba ta son hoton waya, tana son abin da hannu ya taɓa.

A hanyar komawa Malam ya yi gyaran murya.

"Maman Fatiha, kare fa."

"Na riga na ce boleh. Kuma na karɓi zaren matar."

"Me mutane za su ce?"

"Zare zan taɓa, ba shi ba. Mutane kuma wa zai gaya musu?"

Malam ya ce zai yi nazari a kan maganar. Da yake nazarinsa ba ya saurin ƙarewa, washegari ta ɗame sabon yadi a zobe ta fara.

Da hotunan da Anti ta turo mata ta fara aiki. Sai ta miƙa hannu ta nisanta wayar, ta rufe ido ɗaya, ta saci kallo, ta kifa ta a kan kujera. Abin da ido bai gani ba, hannu ya cike da abin da ya sani. Da ta gama ta nuna wa Malam, ya juya zoben hagu, ya juya shi dama.

"Wannan in aka kai shi kasuwa gab da Sallah, ana iya tayawa."

Fatiha ta dawo daga makaranta ta leƙa, ta ce da Malay, "Kambing," wato akuya, ta wuce firij.

Hureira ta warware shi tas. Ta gane babu makawa sai ta kalli Mani da ido biyu. Suka shirya da Anti: shi yana cikin falo bayan ƙofar raga ta ƙarfe, ita tana waje bakin titi a kan kujerar roba, lema a buɗe a gabanta kamar garkuwa, fensir da takarda a cinya. In ya motsa ta ɓuya bayan lemar, in ya kwanta ta leƙo. Masu wucewa a babur suna rage gudu su ga mace ta buɗe lema tana fuskantar gida ba sama ba.

A hankali ido ya saba. Ta lura gemun ba fari ɗaya ba ne: akwai ruwan madara, akwai ruwan toka a gefe, kusa da baki kuma akwai ɗan rawaya, wanda Anti ta amsa cewa miyar kari ce, miyarsu mai kurkum, don tare suke cin abinci. Ta lura gashin gira sama yake tashi sannan ya karyo. Ta koma gida ta tsaga zare sili ɗai-ɗai, ta riƙa jefa dogon ɗinki da gajere suna shiga juna, tana bin inda gashin ya kwanta. A kowane ido ta yi ɗan ƙulli fari, sai ga ido ya buɗe yana kallonta. Ta fara da gira da idanu da gemu, ta bar kunne da hanci a zanen fensir sai daga baya.

A haka zoben yake, jingine a kan firij, wata la'asar Umma ta kira ta a bidiyo daga Kano. Suna cikin hirar tsadar tumatir Umma ta matso da fuska har hancinta ya cika wayar.

"Ke, tsaya. Mene ne wancan a bayanki? Ɗauko min."

Hureira ta miƙe. Ta ɗauko, tana riƙe da shi nesa-nesa.

Umma ta dafe ƙirji. "Allahu Akbar! Yaya Ɗanladi! Kawunki kika ɗinka?"

Kawu Ɗanladi yayan Umma ne, tsohon hedimasta, mutumin da in ya shigo gida yara ke tuna suna da aikin makaranta. Ba wanda ya taɓa ganin haƙoransa sai likita. Hureira ta dubi zoben, ta tuna fuskar Kawu. Girar nan ce. Gemun nan ne. Kallon nan na wanda aka ɓata wa lokaci, shi ne sak.

Yanzu ta ce wa Umma a'a, kare ne? Ta ce mata abin da kika kira yayanki kare ne na wata Ba'indiya? Bakinta ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Uhm."

"Kai, Allah ya yi miki albarka! Ɗauki hotonsa ki turo min yanzu."

Kafin Malam ya dawo daga makaranta hoton ya zaga dangi. Washegari wayarta ta yi ƙara, baƙuwar lamba daga Najeriya. Kawu ne da kansa, wanda tun da aka haife ta bai taɓa kiranta ba.

"Hureira."

"Na'am, Kawu. Ina kwana, Kawu." Ta tsuguna a tsakar ɗaki kamar yana ganinta.

"Na ga abin da kika yi." Ta ji yana jan numfashi. "Na koyar da yara sun fi a ƙirga. Wasu sun zama manya. Babu wanda ya taɓa zama ya ɗauki allura saboda ni. Ashe kina kallona haka da kyau."

"Kawu, ai…"

"In kin gama ki aiko min. Na riga na sa an kafa ƙusa."

Da Malam ya ji, ya zauna a bakin gado ya riƙe kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya samu numfashi ya kawo shawara, kuma ita ce shawararsa ta farko da ta zo da wuri: tun da kunne da hanci ba a yi ba, ta ƙarasa wannan a matsayin Kawu, ta sa masa hula da wuyan riga, sannan ta yi wa kare wani daban. Akwai wani ɗalibi abokinsa, Zahraddeen, da zai je gida hutu, sai ya tafi da shi.

Haka ta yi. Ta ɗora hula zanna a inda kunnuwa za su fito, ta yi hanci ɗan siriri wanda gashin baki ya kusa rufewa, ta yi wuyan babbar riga shuɗiya da aiki. Rawayan kari kawai ta bari, don ta tuna Kawu ma yana cin goro.

Ranar da ta yanke zaren ƙarshe aka ƙwanƙwasa ƙofa. Anti Vasantha ce, tana haki saboda hawan bene, da ledar roti, irin gurasarsu, da ta sa aka ƙunsa mata a shagon abincin Indiyawa Musulmi na bakin titi. Ta ce ta gaji da jira, ta zo ta ga inda aka kai. Kafin Hureira ta jefa mayafi a kan zoben, Anti ta riga ta gani.

"Aiyo!" Ledar ta faɗi. "Kin sa masa hula! Kin ɓoye kunnuwan a cikin hula! Da riga kamar babban mutum!"

"Anti, tsaya. Wannan kawuna ne."

To a Malesiya duk dattijo "Ankul" ake ce masa, da direban tasi da mai gadi da mai sayar da kankana, kuma kalmar da Hureira ta yi amfani da ita ke nan.

"Haka ne lah! Yaran layinmu ma Ankul Mani suke ce masa."

"A'a, Anti, kawuna na gaske, yayan mahaifiyata…"

"Kin gani? Da kina tsoronsa, yanzu ya zama ɗan uwa. Haka yake da shiga rai." Anti ta rungume zoben, hawaye na bin gefen tabarau. "Hancin ya ɗan yi tsawo, amma kada ki taɓa. Kallon nan nasa ne. Haka yake kallona in na dawo a makare."

Hureira ta ga hawayen, ta kasa ci gaba da bayani. Anti ta sauka da zoben a hammata, ta bar mata roti. Washegari yana rataye a shagon Brickfields, saman akwatin maɓallai, an zagaye shi da furen wuya.

Sai Hureira ta yi abin da ya kamata a yi tun farko. Ta sa aka turo mata hoton Kawu na ranar da ya yi ritaya, ta ajiye wayar a gabanta, ta kalla da ido biyu ba lema. Ta bi kowane layi na goshinsa da gaskiya. Aiki ne mai kyau, Malam ma ya yaba ba tare da ya juya zoben ba. Zahraddeen ya naɗe shi cikin tawul ya kai Kano.

Kawu ya kira.

"Saƙo ya iso. Allah ya saka da alheri. Aiki ya yi." Ya yi gyaran murya. "Sai dai wannan ba shi ne na farkon ba."

"Eh, Kawu, wannan sabo ne. Ya fi kyau."

"Ya fi kyau, amma bai fi kama ba. Wannan kamar wani mutum ne mai kama da ni. Na farkon nan shi ne ni. Akwai kwarjini a idon. Ina yake?"

Hureira ta rufe ido, ta nemi gaskiyar da za ta iya faɗa. "Wata mata ce Ba'indiya mai shago ta gani, Kawu. Ta yi ta kuka, ta ƙi bari. Yanzu yana rataye a shagonta."

Kawu ya maimaita a hankali.

"A shago. A Malesiya."

"Eh, Kawu. Har da furanni."

Kafin Juma'a duk majalisar ƙofar gidansu ta san hoton Malam Ɗanladi yana rataye a babban birnin Malesiya, Indiyawa suna sa masa fure. Kawu kuma mutum ne mai ƙa'ida. Ya ce ba daidai ba ne a karrama mutum haka bai yi godiya da bakinsa ba, a haɗa shi da matar. Hureira ta yi ta kawo uzuri, yau ruwa, gobe Anti na mura, har Kawu ya fara kiran Malam. Dole ta ɗauki waya ta shiga jirgin ƙasa zuwa Brickfields. Ta gaya wa Anti cewa kawunta na gida ya ga hoton aikin, yana so ya gaishe ta. Anti ta ji daɗi, ta ce ashe a Najeriya ma akwai masu son dabbobi. Hureira ta danna kira, ta buɗe murya, ta jingina da kantar shagon tana salati a zuci.

Kawu ya fito da Turancinsa na hedimasta, kowace kalma a goge.

"Madam, na samu labarin kin rataye fuskar a shagonki. Na gode."

"Ni ce da godiya lah! Fuskar nan ita ce farin cikina. Tun da mijina ya rasu, ita nake kallo in ji sanyi a raina."

Kawu ya yi tari. "Allah sarki. Ki yi haƙuri."

"Gemun nan kuwa! Ni in na samu wuri, ba abin da nake so kamar in taje shi in shafa masa man kwakwa. Ka ga idon? In ya kalle ni haka, duk abin da ke cikin kwanona sai in miƙa."

Aka ji wani abu ya faɗi a Kano, wataƙila buta.

"Wasu suna cewa ya tsufa, ya cika fushi. Ni haka nake so. Ka zo Malesiya lah, Ankul, ka sauka a gidana. Ni kaɗai ce, akwai wuri."

"Madam," in ji Kawu, muryar ta koma siririya, "ni mutum ne mai iyali." Ya kashe wayar.

Anti ta dubi Hureira. "To ya zo da su mana. Kawunki yana da kunya."

Ba a jima ba Umma ta kira, fuska ba walwala. Ta ce Kawu ya zo gidanta da kansa, ya sa an fitar da yara, ya ce mata wata baiwar Allah a ƙasar waje ta kamu da sonsa ta hoto, abin ya yi nisa har tana maganar man kwakwa, kuma shi ba ya son ya zama sanadin ciwon zuciyar kowa.

"Ke wace irin mata kika haɗa yayana da ita?"

Hureira ta zauna a ƙasa ta faɗi komai, tun daga cincin har hula. Da ta gama, Umma ta ce, "Turo min shi. Shi karen."

Ta tura. Ta ga Umma ta kai wayar kusa da ido, ta nisanta, ta sake kusantowa.

"Innalillahi," in ji Umma a hankali. "Har girar."

Daga nan hoton ya koma rufin ɗaki, don wayar ta suɓuce. Hureira na jin Umma tana dariya tana tari tana istigfari, wata maƙwabciya na tambaya ko lafiya. Da ta dawo, ɗankwali a karkace, ta nuna Hureira da yatsa.

"Ki saurare ni. Ni da ke da mijinki, nan maganar ta tsaya. Rabon da in ga Yaya yana tafiya da ƙarfi haka tun yana aiki. Jiya har turare ya saya."

Zoben da ke shagon Anti kuwa ya jawo wa Hureira aikin da ba ta nema ba. Masu sayen zare suka fara tambaya wa ya yi. Wata malamar makaranta 'yar Sin ta kawo hoton kyanwarta, wani direban tasi ya kawo na zomonsa, kuma kusan kowa sai ya ce a sa hula. A nan Malam ya taka birki, ya ce hular ƙasarsu ba ta kowa da kowa ba ce, aka daidaita a kan ɗan fure a bayan kunne. Yanzu haka wani aku take yi, na wani Balarabe mai gidan abinci a unguwar Bukit Bintang. Ta je ganinsa, akun ya juya mata baya, ya faɗi wata kalma da mai shi ya ƙi fassarawa.

Mani yana nan, zuciyar tasa ba ta gaji ba tukuna. Kawu ma yana nan. Duk Sallah sai ya aiko da saƙo a gai da baiwar Allah nan, a ba ta haƙuri, a ce mata komai nufin Allah ne. Hureira takan isar da rabin farko. A bara Anti ta ji daɗin gaisuwar, ta cika gwangwani da wani soyayyen abu nasu mai gishiri da yaji, ta ce a kai wa Ankul mai kunya. Da ya isa Kano, Kawu ya sa aka ɗora shi saman kwaba, ya ce kada wanda ya taɓa, don ba a san abin da mace a irin wannan hali za ta iya sakawa a abinci ba.

Umma ta ce da ta leƙa gidan washegari ta tarar da gwangwanin a gefen tabarmarsa, babu komai a ciki, shi kuma yana karanta jarida gemunsa duk ɓurɓushi.